Tarihin Tafet Mai Rola: Karanta Kafin Ka Kashe Kuɗi A Kan Tsohuwar Peugeot 504

Yau za mu ɗan ajiye maganar waya mu leƙa gareji.

Ranar Talatar da ta wuce wani direba ya kawo mini wayarsa shago a Mafara, wurin cajinta ya lalace. Ina cikin aiki sai ya ce in na gama in taya shi tura kuɗi, zai yi odar kaya daga waje. Ya nuna mini bidiyo: wani Ba'amurke ya cire tsofaffin tafet daga injinsa ya sa masu rola, yana ta yabon yadda motar ta ƙara ƙarfi. Shi kuma mutumin nawa Peugeot 504 akori-kura gare shi, da ita yake ɗauko shinkafa daga Bakalori zuwa kasuwa, kuɗin kuwa ribar kakarsa ce gaba ɗaya. Na ce ya dakata tukuna. Abin da na gano bayan na bi diddigi shi ne na kawo maka, don wataƙila kai ma bidiyon ya faɗo wayarka.

Mene ne tafet ɗin ma?

A cikin inji akwai wani dogon ƙarfe da ake kira kamshaf, jikinsa duk tozo-tozo kamar na sa. Idan yana juyawa, tozon ya ɗaga tafet, tafet ya tura sandar fushrod, ita kuma ta danna roka, roka ta buɗe bawul. Tsohon samfurin tafet gindinsa shafaffe ne, gugar tozon yake yi kai tsaye. Mai rola kuwa 'yar taya ce a gindinsa, birgima yake a kan tozon. Ka kwatanta jan buhu a ƙasa da tura shi a baro, to bambancin ke nan.

Daga ina abin ya samo asali?

Rola ba sabon abu ba ne. Injinan jiragen sama na zamanin Yaƙin Duniya na Biyu suna da ita, baburan Harley-Davidson ma sun daɗe da ita. Amma masu ƙera ƙananan motoci sun riƙe shafaffen tafet shekara da shekaru saboda ya fi arha, kuma man inji na ba shi kariya. Tun wajajen shekarun 1940 ake zuba wa mai wani sinadari mai suna ZDDP, wanda ke ɗauke da zinki da fosfaros. Shi ke yin wata 'yar fata a kan ƙarfe ya hana tozo da tafet cin juna.

Abubuwa biyu suka sauya lissafi. Na farko tsadar fetur ta 1973, wadda ta sa Amurka ta kafa dokar rage shan mai a 1975. Kamfanoni suka shiga neman duk inda guga ke cinye ƙarfin inji. Ford ta sa rola a injin Mustang mai lita 5.0 a 1985, Chevrolet ta biyo baya a ƙananan motocinta masu injin V8 a 1987.

Na biyu matatar hayaƙi da aka fara sa wa salansar motocin Amurka a 1975. Fosfaros yana kashe wannan matata, don haka aka riƙa rage shi a mai. A 2004, da ma'aunin API SM ya fito, an ƙayyade shi kada ya wuce kashi 0.08 cikin ɗari a siraran mayuka irin su 5W-30 da 10W-30. Sababbin motoci masu rola ba su ji komai ba. Masu tsofaffin motoci ne suka fara kukan tozon kamshaf na cinyewa. Wannan kuka ya ƙara haɓaka kasuwar kayan juya tsohon inji zuwa rola, kuma ita ce ta haifi bidiyoyin da kake gani.

To mu fa a nan gida?

A 1975 ɗin nan dai kamfanin PAN ya fara harhaɗa Peugeot a Kaduna. Ita 504 ta fito a Faransa tun 1968, amma a Najeriya ba a daina yin ta ba sai wajajen 2006, bayan Turai sun daɗe da barinta. Ka tambayi duk wani dattijo a Bakura ko Maradun, zai faɗa maka Fijo ce motar gwamnati, ita ce motar haya tsakanin Gusau da Sakkwato, ita ce ta kai amarya. Da aka gama madatsar Bakalori a 1978, noman rani ya buɗe, akori-kura ta samu aikin da har yau wasu ba su yi ritaya ba.

Injin feturinta, mai lita 1.8 ko 2.0, na fushrod ne mai shafaffen tafet, kuma a haka ya ƙare rayuwarsa. Da Peugeot ta tashi canji sai ta koma sababbin injina masu kamshaf a sama, irin na 406. Kayan rolar da ke bidiyo kuwa an yi su ne don V8 na Chevrolet da Ford. Su biyun ma kaurinsu ba ɗaya ba ne: na Chevrolet kimanin milimita 21.4, na Ford kimanin 22.2. In na wannan bai shiga ramin wancan ba, ya za a yi da Fijo? In kuma Golf 3 gare ka, babu fushrod a cikinta kwata-kwata, maganar ba ta shafe ka ba.

Ko inda kayan suka dace ma, ba tafet kaɗai ake saya ba:

1. Sai an canja kamshaf, domin yankan tozon rola daban ne. Ka ɗora rola a kan tsohon kamshaf, ka kashe su duka.
2. Sai an sa ƙarfen da zai hana tafet juyawa. Shafaffe dole ya riƙa juyawa a raminsa don kada ya ci wuri ɗaya, mai rola kuwa in ya juya taya ta gicciye, shi ke nan.
3. Sai an sayi gajerun fushrod, don mai rola ya fi tsawo.
4. Sai an tare kamshaf kada ya riƙa gaba da baya, a injin da ba shi da abin tarewa.
5. Galibi sai an sa sifirin bawul masu ƙarfi, a kuma duba giyar dilko ko za ta zauna lafiya da sabon kamshaf.

Ka ga ke nan kalmar “arha” a bidiyo take zaune. Ka haɗa da kuɗin dala da na kawowa, sai ka ga gara ka nemi wani injin gaba ɗaya.

Me ya kamata ka yi?

Abin da rola ke magancewa shi ne guga, kuma akwai hanyar rage ta da kuɗi kaɗan.

Ka riƙa juye a kan lokaci, ka canja filta tare. Ƙurar hunturu da hanyoyin ƙauye suna saurin ɓata mai. Ka sayi mai a rufe cikin galan, ka guji na awo wanda ba ka san asalinsa ba. Tsohon inji irin wannan mai kauri yake so, kamar 20W-50, wanda waccan ƙa'idar rage fosfaros ba ta hau kansa ba.

Ka sa bakanike ya saita bawul da ma'auni, inji na sanyi. Ban da saitin kunne.

In an sauke inji, kowane tafet ya koma ramin da ya fito. Ya riga ya saba da tozonsa, in aka cakuɗa su sai su fara cin juna. Ka tsaya a wurin ka ga an jera su bi da bi.

In sabon kamshaf aka sa, to da sababbin tafet. A shafa musu mai sosai, kuma tashin farko kada a bar injin a silo. A riƙe shi wajen juyi 2,000 zuwa 2,500 na minti 20 zuwa 30, don mai ya fantsamu sosai su zauna da juna.

In ka saita bawul yau, bayan kwana kaɗan ƙarar “kas-kas” ta dawo a wuri ɗaya, ko ka ga ƙyalƙyalin garin ƙarfe a man da aka juye, tozo ya fara tafiya. Kada ka jira ta tsaya maka da lodi a hanyar Maradun da yamma.

Shi dai mutumin nawa bai tura kuɗin ba. Ya yi juye, aka saita masa bawul, ragowar ya sayi taya biyu. Mu masu gyaran waya mun san wannan darasi: sikirin ɗin da bai dace da waya ba, komai kyansa, asara ne. Kafin ka yi odar komai a intanet, ka fara duba sunan injin da aka yi kayan dominsa.

Ka tura wa duk direban da ka sani. Allah ya tsare mana dukiyoyinmu, ya kai mu gida lafiya.