Tarihin Kafa Kwamfutar Kwaikwayo ta Hanyar Rubutaccen Umarni

Manufarmu a wannan maƙala ita ce mu bi sawun wata al'ada da ake zaton sabuwa ce, alhali ta haura shekara hamsin, watau kafa kwamfutar kwaikwayo a cikin kwamfuta ta haƙiƙa ta hanyar rubuta umarni.

Asalin al'amarin shi ne tsadar na'ura. A shekarun 1960 kwamfuta guda takan cika ɗaki, masu bukatarta kuwa ga su da yawa. Saboda haka masanan kamfanin IBM a birnin Kambrij na Amurka suka ƙera tsarin CP-40, wanda ya fara aiki a 1967. Tsarin yakan kasa na'ura ɗaya ta zama kwamfutocin kwaikwayo 14, kowane ma'aikaci yana ganin tasa tamkar shi kaɗai ke da na'urar. Daga nan aka sami CP-67, sa'an nan VM/370 a 1972. Ma'aikaci yakan zauna gaban na'ura mai kama da tafireta, ya buga umarnin IPL, sai kwamfutarsa ta tashi.

A 1974 Popek da Goldberg suka bayyana sharuɗɗan da na'ura za ta cika kafin a iya kasa ta haka. Ƙananan kwamfutocin da suka yaɗu daga baya ba su cika su ba, sai fasahar ta ja baya, har VMware ya farfaɗo da ita a 1999. Fabrice Bellard ya fitar da QEMU a 2003; Intel da AMD suka gyara ƙirar na'urorinsu a 2005 da 2006; KVM kuma ya shiga Linux a 2007.

Abin lura shi ne matakan ba su sāke ba. Mai amfani da QEMU yakan ƙirƙiri faifai da umarnin qemu-img, ya yanka wa kwamfutar rabonta na ƙwaƙwalwa, ya nuna mata inda za ta tashi, kamar yadda magabatansa suka yi.

Me ya sa rubutu ya ɗore duk da zuwan allo mai hotuna? A ganinmu, domin ana iya adana shi, a duba kuskurensa, a maimaita shi sau dubu. Abin da aka latsa da yatsa kuwa ba ya barin shaida. Don haka muke ba malamai shawara su fara koya wa ɗalibai umarnin kafin hoton.