Wanda Ya Karanta Tarihi, Ina Zai Ci Abinci?

Wata rana ina gabatar da shiri, wani dattijo ya bugo waya daga Maraɗi. Ɗansa ya ci jarrabawar BAC, ya kafe sai tarihi zai karanta a Jami'ar Abdou Moumouni. Dattijon ya ce mini, "Yarona, mai karanta labarin matattu ina zai ci abinci?"

Na ce, Baba, mu waiwaya baya. Boubou Hama malamin makaranta ne da ya duƙufa wajen tattara tarihin al'ummominmu, kuma shi ya shugabanci Majalisar Dokokin Nijar daga 1958 zuwa 1974. Yau gidan tarihin ƙasa da ke Yamai sunansa yake ɗauke da shi. A 1991, da ƙasa ta shiga ruɗani aka kira Babban Taron Ƙasa, Farfesa André Salifou, masanin tarihin Damagaram, aka ɗora a kujerar jagoranci.

Haka ma labarin ƙasa. Bayan farin da ya halaka dabbobi a Sahel, an kafa cibiyar AGRHYMET a Yamai a 1974, inda masana taswira da yanayi ke bin sawun damina. Masu kimiyyar siyasa kuwa ana bukatarsu a diflomasiyya, hukumar zaɓe da gidajen jarida irin namu.

Ban ɓoye masa ba: guraben gwamnati kaɗan ne, yawanci koyarwa ake fara samu. Shawarata ita ce yaron ya haɗa da Turanci da kwamfuta. Dattijon ya yi shiru, sannan ya ce, "To, Allah Ya yi masa albarka."