Daga Kaduna Zuwa Dungurum Ta Birnin Gwari: Wuraren Tarihin Zamanin Turawa Da Halin Da Suke Ciki

Hanyar da ta tashi daga Kaduna ta nufi yamma, ta bi ta Buruku da Birnin Gwari da Kagara har Tegina, inda ake karyawa zuwa Zungeru, ta haɗa garuruwa biyu da Turawan Ingila suka zauna suka mallaki Arewacin Najeriya. A tsakiyarta kuma akwai dajin da aka shata a zamaninsu. Mai son ganin abin da wannan mulki ya bari da idonsa, da wuya ya samu hanyar da ta fi ta. Sai dai shekaru da dama ke nan sunanta ya fi fitowa a labaran satar mutane fiye da na yawon buɗe ido.

Kaduna: inda mulkin ya ƙare

A 1917 Turawa suka mayar da hedikwatar Arewa Kaduna, saboda tana kan layin dogo kuma iskarta ta fi ta Zungeru sauƙi. Ginin da ya fi jan ido daga wancan zamani shi ne Zauren Lugga, mai ƙubba a samansa, inda Majalisar Wakilai da Majalisar Sarakunan Jihar Arewa suka riƙa zama. A harabarsa Majalisar Dokokin Jihar Kaduna take a yau.

A bakin kogin Kaduna, cikin lambun shaƙatawa na Gamji, akwai ƙaramar gadar ƙarfe ta masu tafiya a ƙasa, wadda ake kira Gadar Lugga. A Zungeru aka fara kafa ta a 1904, aka kwance ta aka kawo Kaduna a 1954, sannan aka sanya ta cikin kayan tarihin ƙasa a 1956. Gidan Arewa kuwa, wanda ya kasance mazaunin Firimiya Sa Ahmadu Bello, Sardaunan Sakkwato, yanzu cibiyar binciken tarihi ce ta Jami'ar Ahmadu Bello, kuma yana adana takardu da hotunan shekarun da mulki ya koma hannun 'yan ƙasa.

Birnin Gwari da Dajin Kamuku

A zamanin Turawa, Birnin Gwari na cikin Lardin Zariya, amma tana da En'e tata da sarkinta. Yau ƙaramar hukuma ce mai mazaɓu 11, uku daga cikinsu na ɗauke da sunan Magajin Gari. Garin mahaɗa ne: hanyar Kaduna da ta Funtuwa da ta Jihar Neja duk a nan suke gamuwa, abin da ya sa ya daɗe yana zama zangon direbobi da fataken hatsi da dabbobi.

A 1936 aka keɓe Dajin Kamuku a matsayin gandun daji na En'e. Daga baya ya zama wurin kiwon namun daji na jiha, kafin Gwamnatin Tarayya ta karɓe shi a 1999 ta sanya shi cikin manyan gandayen daji na ƙasa. Faɗinsa ya kai kimanin murabba'in kilomita 1,120, kuma ya yi iyaka da Dajin Kuyambana na Jihar Zamfara, inda kogin Mariga ya raba su. Itatuwansa irin na wannan yanki ne: doka da maje da kaɗanya da ɗorawa da taura. An san shi da giwaye da gwanki da mugun dawa da birai, da tsuntsaye iri fiye da 170.

Wurare uku ne suka fi shahara a cikinsa. Akwai Dogon Ruwa, inda ruwa ke kwararowa daga kan duwatsu. Akwai Goron Dutse, wani santalelen falalen dutse da ya tashi shi kaɗai a tsakiyar daji. Sai Tsaunin Rema, wanda ya samo sunansa daga remayen da ke zaune a cikin kogunansa.

Zungeru: inda mulkin ya zauna da gindinsa

Hausawa na kiran garin Dungurum. Nan Gwamna Lugga ya kafa hedikwata a 1902, bayan zaman Lakwaja, kuma daga nan ake juya akalar mulki lokacin da aka ci Kano da Sakkwato a 1903. Garin ne babban birnin Arewa sa'ad da aka haɗe Kudu da Arewa ranar 1 ga Janairun 1914. A nan aka haifi Nnamdi Azikiwe a 1904, da Odumegwu Ojukwu a 1933: mutumin da ya zama shugaban ƙasar Najeriya na farko, da wanda ya jagoranci yunƙurin raba ta.

Abin da ya rage yanzu shi ne kufan gidan gwamna da na ofisoshi, da maƙabartar Turawa, da gadar jirgin ƙasa a kan kogin Kaduna. Yawancinsu ciyawa ta cinye. Sabon abin da ya sake ɗaga sunan garin shi ne madatsar ruwa mai ƙarfin samar da megawat 700 na lantarki.

Yadda hanyar ta zama abin tsoro

Dokar gandun daji ta raba mutanen karkara da noma da farauta da kiwo a cikin yankin da aka shata, ta ɗora wa hukuma alhakin tsaronsa. Muddin akwai ma'aikatan gandu da kayan aiki, tsarin na tafiya. Da kulawa ta yi rauni, sai dajin ya zama fili marar mai shi, ga shi kuma ya sarƙe da dazuzzukan Zamfara da Katsina da Neja. Ɓarayin shanu suka fara samun mafaka, 'yan bindiga masu garkuwa da mutane suka biyo baya, har da 'yan ƙungiyar Ansaru.

A 2015 gwamnonin jihohin da ke kewaye da dajin sun haɗa hannu da sojoji domin fatattakar ɓarayin, amma matsalar ta dawo da ƙarfi. An sace ɗalibai a Kagara a Fabrairun 2021, a Tegina a Mayun shekarar, sannan a Kuriga a Maris na 2024. Duk garuruwan uku suna kan wannan layi. A ƙarshen 2024 gwamnatin Uba Sani ta sanar da sulhu da wasu 'yan bindigar yankin, aka kuma sake buɗe kasuwar shanu ta Birnin Gwari bayan shekaru tana rufe. Duk da haka, mai niyyar zuwa ba ya tashi sai ya tuntuɓi hukumar gandun dajin da mutanen gari.

Abin da ke kan sikeli

Wasu na ganin kufan 'yan mulkin mallaka bai cancanci ko sisin kwabo ba. Amma a waɗannan wurare aka tsara iyakoki da haraji da dangantakar sarakuna da gwamnati da ake ta jayayya a kansu har yau, kuma wanda ya rasa shaida ya rasa rabin hujjarsa. Ingila kanta ba ta buɗe gandun dajinta na ƙasa na farko ba sai a 1951, shekara 15 bayan keɓe Kamuku, amma a yau irin waɗannan wurare na ciyar da ƙauyukan da ke kewaye da su.

Gandun Kamuku na hannun Gwamnatin Tarayya, haka ma babbar hanyar da kayan tarihin da aka yi wa rajista. Jihohin Kaduna da Neja kuma su ke da garuruwan da jama'arsu. Saboda haka tambayar da matashin Magajin Gari zai yi wa ɗan majalisarsa a fili take: nawa aka ware wa gandun a kasafin bana, ma'aikata nawa ke sintiri a cikinsa, kuma 'yan yankin nawa ne a cikinsu?