Noman Bakin Tafkin Kainji a Masarautar Yauri

Gabatarwa

Masarautar Yauri ta ƙunshi ƙananan hukumomi uku na Jihar Kebbi, wato Yauri mai hedikwata a Yelwa, da Ngaski mai hedikwata a Wara, sai kuma Shanga. Akasarin al'ummarmu a wannan yanki, Gungawa da Kambari da Shangawa da Hausawa da Fulani, ƙananan manoma ne waɗanda suke haɗa noma da su ko kiwo.

Yadda tafkin ya sauya yankin

An fara gina madatsar ruwa ta Kainji a kan Kogin Kwara a 1964, aka kammala a 1968. Tafkin da ya taru a bayanta ya haɗiye gonaki da tsibirai masu yawa, har aka sake wa mutane fiye da 40,000 matsuguni. Gungawa, waɗanda suka shahara da noman albasa a tsibiran kogin, suna cikin waɗanda abin ya fi shafa, domin da yawansu an mayar da su kan tudu, nesa da dausayin da suka saba nomawa.

Hawa da saukar ruwa

Sau biyu ruwa yake cika kogin a shekara. Farin ruwa yana zuwa ne daga Agusta zuwa Oktoba, sakamakon damunar ƙasarmu. Baƙin ruwa kuwa daga tsaunukan ƙasar Gini yake tasowa, ba ya isowa sai wajen Disamba. Saboda haka tafkin yakan kasance a cike da hunturu, sa'an nan ya riƙa janyewa da bazara har zuwa tsakiyar damuna, yana barin ƙasa mai laima da albarka.

A wannan fili ne manoma suke shuka masara da shinkafa da wake. Sai dai wanda ya makara da shuka, ko ya shuka iri mai daɗewa bai nuna ba, farin ruwa na iya riskar gonarsa kafin girbi. Ambaliyar 2012 da ta 2020 sun nuna mana girman wannan hasara.

Noman rani

Albasa ce kan gaba a noman rani, sai shinkafa da tumatir da tattasai. A da da jigo ake ban-ruwa. Ƙananan injuna sun yaɗu ne musamman bayan shirin Fadama, wanda aka fara a shekarun 1990 da tallafin Bankin Duniya. Babbar matsalar mai albasa ita ce kowa yana girbi lokaci guda, farashi ya faɗi, wadda aka adana ba a inuwa mai iska ba kuma ta ruɓe.

Hukumomi

Hukumar KARDA ce take kula da malaman gona a jihar. Cibiyar NIFFR da ke Sabuwar Bussa tana bincike kan kifi, hukumar HYPPADEC kuma an kafa ta ne domin al'ummomin da madatsun lantarki suka shafa.

Abin da muke jan hankali a kai

Muna kira ga manoman bakin tafki da su shuka iri mai saurin nuna da zarar ruwa ya janye, kada kuma su zuba dukan jarinsu a gonar kwari. Hakimai da dagatai da jami'an gona su isar da sanarwar ambaliya a kasuwanni da masallatai da coci-coci a kan kari, su kuma shata burtali da mashaya kafin shuka, domin kauce wa saɓani da makiyaya. Haka nan a guji yi wa jiragen ruwa lodi fiye da kima a ranakun kasuwa. Haɗarin da ya auku kusa da Wara a watan Mayun 2021, inda aka yi hasarar rayuka masu yawa, ya ishe mu darasi.