Tsohon idon kyamara daga Rasha zuwa bakin ruwan Yauri: zaren tarihi

1/ Tun da na sa hotunan Rigata ake ta turo mini saƙo, wai wace kyamara ce wannan. Kyamarar ba wata ta a-zo-a-gani ba ce. Sirrin yana ga idon da na ɗaura mata, wato lens in ji 'yan hoto. Ya girme ni, a Tarayyar Sobiyet aka ƙera shi, kuma a nan Yelwa na saye shi. Ku gyara zama, zaren da ɗan tsawo.

2/ Sunansa Helios-44-2, mai milimita 58. Ba ya saita kansa, da hannu ake murɗa shi har hoto ya fito tas. Babu waya ko ɗaya a cikinsa, ƙarfe ne da gilashi da ɗan maiƙo. Lambar jikinsa ta fara da 78, kuma a yawancin idanun Rasha lambobi biyun farko shekarar ƙira ce. Wato 1978, Obasanjo na mulkin soja.

3/ Asalinsa ma ba na Rasha ba ne. Kamfanin Carl Zeiss na garin Jena a Jamus shi ya fara ƙera wani ido mai suna Biotar, ya kuma fitar da mai milimita 58 tun kafin Yaƙin Duniya na Biyu. Da aka gama yaƙi a 1945, Jena ta faɗa ɓangaren Rasha. Suka kwashe injuna da zane-zane, har da wasu injiniyoyin, a matsayin diyyar yaƙi.

4/ Masana'antar KMZ da ke Krasnogorsk, kusa da Mosko, ta kwaikwayi Biotar ta sa masa suna Helios-44. Daga ƙarshen shekarun 1950 aka yi ta buga shi miliyoyi, ana haɗa shi da kyamarar Zenit. Yawan nan shi ne dalilin arharsa har gobe.

5/ To yanzu mu dawo gida, don akwai wata haɗuwar shekaru da ke tsaya mini a rai. A 1964 kamfanin Asahi na Japan ya fitar da Pentax Spotmatic. A 1965 Rasha ta fitar da Zenit-E. A daidai lokacin da kyamara mai kyau ta fara zama abin da mai matsakaicin ƙarfi zai iya mallaka, a lokacin ne aka fara ginin madatsar ruwa ta Kainji, 1964.

6/ An gama aikin a 1968, Janar Gowon ya buɗe ta a 1969. Ruwan Kwara ya ja baya ya zama tafki mai tsawon fiye da kilomita 130, tun daga Kainji har ya taɓo mu a Yauri. An tashi mutane wajen 44,000. Tsohuwar Bussa ta nutse, tare da duwatsun da Mungo Park ya halaka a kansu wajen 1806.

7/ A ɓangarenmu, waɗanda abin ya fi shafa su ne Gungawa, mazauna gungu a tsakiyar kogi, gwanayen noman albasa na ban-ruwa da kamun kifi. Aka ɗauke su aka zuba a sababbin ƙauyuka na bulo da siminti a bakin tafki, zanen wani Bature mai suna Robin Atkinson. Duk wanda ya bi ta ƙasar Ngaski ya san irin gidajen, ba sa kama da ginin kowa.

8/ Tambayar da na daɗe ina yi wa kaina: ina hotunan gungun nan kafin ruwa ya ci su? Waɗanda na taɓa gani, kusan duk baƙi suka ɗauka, injiniyoyi da masu bincike, kuma abin da ya dame su suka ɗauka. Ba su ɗauki ranar suna ba, ba su ɗauki amarya a kwalekwale ba.

9/ Da can muna da uzuri. Lokacin da Richard Lander da ƙaninsa John suka sauka a Birnin Yauri a 1830 suna cigiyar takardun Mungo Park, ba a ma fito da hoto a duniya ba, sai 1839. Amma a 1968 akwai masu hoto a garuruwanmu. Ku riƙe wannan, zan dawo kansa.

10/ Yaya waɗannan kyamarori suka shigo mana? Hanyoyi da yawa. Ɗaliban da suka je karatu Rasha da tallafi, musamman bayan yaƙin basasa da dangantaka ta yi ƙarfi, sukan dawo da Zenit a wuya. 'Yan kasuwa na kawo Yashica da Pentax daga Legas da Kano. Alhazai ma na yo tsaraba, kuma ba ina nufin 'yar robar nan da muke leƙawa mu ga Ka'aba ba.

11/ Wanda ya yi wayo a shekarun 1980 ya san mai hoto ranar Sallah. Kyamara a wuya, fim mai ɗaukar hoto 36, babu gogewa babu sakewa. Ka tsaya ƙiƙam, ya murɗa, ya ce kar ka motsa. In mai kala ne sai a ba direba fim ya kai babban gari a wanko, ka yi sati kana zarya.

12/ Sai duniya ta juya. A 1985 Minolta ta fitar da kyamarar da ke saita ido da kanta, kasuwa ta bi ta. A 1987 Canon ta canza bakin kyamarorinta gaba ɗaya, daga FD zuwa EF, ta bar masu tsofaffin idanu da kaya a hannu. Dijital ta zo, wayar hannu ta ƙarasa aikin. Kodak kanta ta durƙushe a 2012. Tsofaffin kyamarori suka koma ƙarƙashin gado, wasu suka tafi hannun 'yan gwangwan a kan kilo.

13/ To me ya farfaɗo da su? A nan sai kun yi haƙuri da ɗan lissafi, don shi ne zai hana ku asarar kuɗi. Kowane ido an ƙera shi ne ya zauna a wata tazara takamaimai daga fim, ko daga sensa a kyamarar zamani. In ya matso ko ya yi nisa ko da milimita ɗaya ne, saiti ya ɓaci.

14/ Helios da Pentax na da suna da baki iri ɗaya, M42, mai murɗi kamar murfin kwalba, faɗinsa milimita 42. Jamus ta Gabas ta fara shi a 1949. Tazararsa milimita 45.46. Canon EF tata 44. Nikon F, wadda ta fito a 1959, tata 46.5. Canon FD 42.

15/ Ƙa'idar ita ce: kana iya ƙara tazara, ba ka iya rage ta. Abin da ake kira adafta ba komai ba ne illa zoben ƙarfe mai cike giɓi. Don haka Helios na hawa Canon EF da siririn zobe na milimita ɗaya da rabi. A kan Nikon F kuwa ya riga ya yi nisa da fiye da milimita ɗaya, babu abin da zobe zai cike.

16/ Ni na fara koyon wannan da aljihuna. Tsohuwar Nikon gare ni a lokacin, na yi odar adafta a intanet, mai sayarwa ya rantse mini zai yi. Ya hau kuwa. Fuskar mutum a kusa tana fitowa, amma na tsaya bakin ruwa, jirgin da ke tsakiyar kogi ya ƙi fitowa ko na murɗa har ƙarshe. Akwai adafta mai ɗan gilashi a ciki da ke gyara haka, sai dai yana rage kyan hoton. Ban ba da shawararsa ba.

17/ Abin da ya buɗe ƙofa shi ne kyamara marar madubi. Panasonic ta fara da G1 a 2008, Sony ta biyo da NEX a 2010, sai A7 a 2013. Da aka cire madubi, tazara ta dawo ƙarama: Sony E milimita 18, Fujifilm X 17.7. Ke nan kusan kowane tsohon ido zai hau, har Canon FD da aka yi wa jana'iza tun 1987.

18/ Farashi ya fara tashi daga nan. Masu fim suka gano cewa Helios na murɗa bayan hoto kamar guguwa, aibin da injiniya zai so ya gyara, su kuma shi suke nema. Har a fim ɗin Dune na biyu, na 2024, an yi aiki da tsofaffin idanun Rasha da aka sake wa gida. 'Yan Kannywood da masu bidiyon biki, ku ji da kyau.

19/ In za ku saya, ga abin da bakin tafki ya koya mini. Babban makiyi fumfuna ce. Damina a Yauri ga zafi ga laima, ido na kulle a jakar fata, sai ta tsiro cikin gilashi kamar saƙar gizo. Haska fitilar waya ta baya ka leƙa ta gaba. Ƙura kaɗan ba komai. Saƙar gizo ko hazo, ajiye masa abinsa, don in ta daɗe tana cin fuskar gilashin.

20/ Murɗa zoben saiti daga farko har ƙarshe, ka ji ko yana cijewa. Buɗe ƙofar haske ka rufe, ka duba ko mai ya jiƙa 'yan ganyayyakin. In akwai ɗan tsinken ƙarfe a bayan idon kuma babu makunnin A da M a gefe, kamar Helios-44M-4, nemi adafta mai leɓe a ciki da zai danne tsinken. In ba haka ba ƙofar haske ba za ta taɓa rufuwa ba.

21/ Wani Super-Takumar na Pentax, milimita 50, za ka gan shi ya yi rawaya kamar shayi. Ba lalacewa ya yi ba, sinadarin toriyam ne a gilashin, kuma hasken rana na wanke rawayar a hankali. Rana kuwa ba ta yi mana kaɗan a Shanga ba. A dai kula, gilashi na tara rana ya ƙona abu.

22/ To, batun da na ce ku riƙe. Helios ɗina a wajen iyalan wani tsohon mai hoto na same shi, Allah Ya jiƙansa. Ɗansa ya fito mini da akwatin ƙarfe: Zenit-E da ta cije, wata Yashica mai ido biyu, fitilar hoto da ta mutu. Kuɗin da ya faɗa sai da na ji kunya na ƙara masa.

23/ Na ce, "Malam, ina dodannin hoton Baba?" Wato nagetif. Ya ce, "Wai baƙaƙen ledojin nan? Ai buhu guda ne. Da za a gyara ɗakin muka ƙone, yara sun daɗe suna wasa da su." Ban iya cewa komai ba. Kuma ban ga laifinsa ba, babu wanda ya taɓa gaya masa abin na da amfani.

24/ Mahaifiyarsa na jin mu daga ɗaki. Ta ce, "Ɗan nan, dakata." Ta fito da gwangwanin madara da take ajiyar allura da zare, a ƙasansa akwai 'yan yankakkun fim da tsohon ya naɗe a takarda. Guda goma sha ɗaya. Na ce, "Inna, nawa zan bayar?" Ta ce, "Kai dai in ka ga fuskar wani namu, ka kawo mini in gani."

25/ Ku duba lissafin. Irin idon nan an buga miliyoyi, in nawa ya faɗa ruwa gobe zan sami wani. Buhun da aka ƙone kuwa babu kwafinsa a Mosko, babu a Landan. A Bamako, dodannin hoton Seydou Keïta da Malick Sidibé da aka adana su ne suka kai Sidibé ga kyautar Zakin Zinariya a Venis a 2007. Masu hoton unguwa ne su ma, irin namu.

26/ Abin daɗin shi ne, wannan ido na gwanjo shi ne kayan aikin ceto su. Akwai zobban ƙarin tazara na M42, masu arha, da ake sawa tsakanin ido da adafta don ɗaukar abu kusa-kusa. Ka sa farin shafi a fuskar waya, ka ɗaga dodon hoton sama da ita kaɗan, ka kafa kyamara kar ta motsa, ka ɗauka. Sai ka juya launin a kwamfuta, baƙi ya koma fari.

27/ Haka na yi da goma sha ɗayan nan. Tara sirara ne na Zenit: ɗaliban firamare a layi, wani ango da babbar riga, kasuwar bakin ruwa da buhunan albasa jibge a jirgi. Na buga na angon na kai wa Inna. Ƙaninta ne, ya rasu da daɗewa, kuma ba su da hotonsa ko ɗaya.

28/ Sauran biyun masu kusurwa huɗu daidai ne, santimita 6 kowane gefe, aikin Yashica. Ɗaya ya lalace. Ɗayan kuwa ga shi a ƙasa: rumbuna a jere, fadamar albasa, mata biyu da ƙwarya, ruwa ta hagu ruwa ta dama, da wani dutse mai tsaga a bayansu. Inna ta ce tsohon yakan shiga gungu ɗaukar hoto tun kafin a yi dam.

29/ Don Allah 'yan Yauri, Ngaski, Wara, Shanga, da 'yan'uwa na Bussa, ku nuna wa tsofaffinku wannan hoton, musamman waɗanda aka taso daga gungu. Ku ƙara masa girma su ga dutsen. Wanda ya gane wurin a rubuto mini sunan gungun da sunan ƙauyen da aka mai da su. In kuma akwai akwatin mai hoto a gidanku, ku bar ledojin a inda suke, ranar Asabar ina Yelwa da kyamara da zobbana.