Asalin Sunayen Zuriya a Ƙasar Wudil

Bahaushen dauri bai san sunan zuriya irin na Turawa ba. Ana kiran mutum da sunansa na yanka ko laƙabi, a haɗa da na mahaifinsa, su kuma jikoki su ɗauki sunan nasu uban. Sunan da ke bin gida ɗaya daga kaka har tattaɓa-kunne ya yaɗu ne bayan da Turawa suka ci Kano a 1903, suka kawo rajistar makaranta da ta aikin gwamnati. A binciken da na yi daga nan Kausani, na tarar sunayen nan sun biyo ta hanyoyi biyu.

Hanya ta farko ita ce sunan gari. In aka sami Muhammadu uku a aji ɗaya, sai malami ya bambanta su da garuruwansu. Irin wannan suna ne Malam Aminu Kano da Abubakar Tafawa Ɓalewa da Shehu Shagari suka shahara da shi. Don haka mutum biyu da ke amsa Wudil, ko Utai, ko Indabo, ko Kausani, ba lallai ne su haɗa kaka ba. Gari suka haɗa.

Ta biyu kuwa laƙabi ne. Alhaji Alhassan, wanda aka haifa a Bebeji a 1877 cikin Agalawa fataken goro, ya tashi a hannun wata dattijuwa da ake kira Tata, sai aka riƙa ce masa Ɗantata. Ya rasu a 1955, amma 'ya'yansa irin su Sanusi da Aminu suka riƙe sunan, har ya zama na zuriya.

Akwai kuma dangin da rajista ba ta nuna su. Jobawa, mutanen Malam Bakatsine da suka zauna a Utai suka kuma yi jihadi a ƙasar Kano, su ke riƙe da sarautar Makama, ɗaya daga cikin masu zaɓen Sarkin Kano. Duk da haka da wuya ka ga wanda ya rubuta Jobawa a bayan sunansa. Wanda ya dogara da takarda kaɗai zai wuce su bai sani ba.

Saboda haka nakan fara da tsofaffin mata, domin su ne suka riƙe lissafin aure da goyo. Daga nan in dubi kirarin gida da tsagar fuska da sana'ar gado, sannan in gwada abin da na ji da takardun gundumomi da ke Ma'ajiyar Tarihi ta Ƙasa a Kaduna.

Yanzu katin ɗan ƙasa yana tabbatar wa yaro sunan da aka fara rubuta masa. Ina kira ga malaman makaranta da su sa kowane ɗalibi ya rubuto kakanninsa huɗu da garin da kowannensu ya fito, tun dattawan da suka san amsar suna raye.