Sauyin kamfanin Intel zuwa fasahar nanomita 10

Fasahar nanomita 10 mataki ne na ƙera ƙwaƙwalwar kwamfuta wanda kamfanin Intel na Amurka ya tsara shiga a 2016, amma bai fitar da kayansa da yawa ba sai 2019. Jinkirin ya sa kamfanin TSMC na Taiwan ya sha gabansa.

Asali

Ana ƙera ƙwaƙwalwar kwamfuta a kan faifan silikon, inda ake zana biliyoyin taransista da haske. Idan taransista ta ƙara ƙanƙanta, sai a cusa da yawa a wuri ɗaya, aiki ya yi sauri, cin wuta ya ragu. A 1965 Gordon Moore, wanda ya kafa Intel tare da Robert Noyce a 1968, ya yi hasashen cewa yawansu zai riƙa ninkawa a kai a kai. Intel 4004 ta 1971 taransista 2,300 gare ta.

Daga 2007 Intel ya riƙa rage girman taransista kusan duk shekara biyu: nanomita 45 a 2007, 32 a 2010, 22 a 2012, sai 14 a 2014.

Cikas

A matakin nanomita 10, Intel ya ɗebo da zafi. Ya nemi ninka cunkoson taransista sau 2.7, alhali na'urar zane ta sabon haske mai suna EUV, wadda kamfanin ASML na Holan ke ƙerawa, ba ta kai ga fara aiki sosai ba. Don haka ya tsaya kan tsohon haske mai zangon nanomita 193, yana maimaita zane har sau huɗu a wasu shimfiɗu, ya kuma sa ƙarfen kobalt a siraran wayoyin ciki. Kowane ƙarin mataki ƙofar kuskure ne, sai ya zamana masu lahani sun yi yawa a kowane faifai. Ƙwaƙwalwar Cannon Lake ta 2018, ta farko a wannan mataki, kaɗan aka yi, aka kuma kashe ɓangarenta na hoto. Sai da ƙwaƙwalwar Ice Lake ta fito a 2019 lamarin ya fara daidaita.

Abin da ya biyo baya

TSMC ya fara nanomita 7 a 2018, kamfanin AMD ya yi amfani da ita a ƙwaƙwalwarsa ta Ryzen 3000 a 2019. A 2020 kamfanin Apple ya raba gari da Intel, ya fito da ƙwaƙwalwar M1 ta nanomita 5. Bayan Pat Gelsinger ya karɓi shugabancin Intel a 2021, an sake wa ingantacciyar nanomita 10 suna Intel 7, domin lambobin sun daɗe da daina nuna ainihin girman taransista. Intel ya soma amfani da EUV a matakin Intel 4 a 2023.

A Kano

Masana'antun Sharada, Challawa da Bompai sun shahara ne da saƙa, jima da robobi, ƙwaƙwalwar kwamfuta kuwa shigo da ita ake yi. Duk da haka, ana ganin sawun wannan jinkiri a shagunan kwamfutoci na hannu: Core i5 na Intel na ƙarni na biyar zuwa na tara, waɗanda ake bambanta farashinsu da lambar ƙarni, duk a kan nanomita 14 aka ƙera su.